Tower Garden a zauren ibada: ganye yake bayarwa, hatsi kuwa sai rumbu

A manyan biranen Amurka irin su Baltimo, Shikago da Niyok akwai unguwannin talakawa da mutum zai yi tafiyar fiye da mil ɗaya bai ga kantin da ke sayar da ɗanyen ganye ba, alhali shagon soye-soye da lemon kwalba yana kowace kwana. Ciwon suga da hawan jini sun yi wa irin waɗannan unguwanni katutu. Shi ya sa majami'u da masallatai da makarantu suka shiga harkar noma a tsakiyar gari, waɗanda ba su da fili kuma suka koma noman cikin ɗaki. Ɗaya daga cikin na'urorin da suka yi suna a wannan fage ita ce Tower Garden, doguwar hasumiyar roba da ake shuka ganye a jikinta ba tare da ƙasa ba.

Masu wannan aiki ba don riba suke yi ba, nassi ne ke ingiza su. Kiristoci kan kawo Irmiya 29:5, inda aka umarci waɗanda aka kwashe zuwa Babila su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna su ci amfaninsu, da Littafin Firistoci 19:9-10 da ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, a bar wa matalauci da baƙo. Musulmi kuma suna da hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zame masa sadaka. Niyya kam ba ta da aibi. Tambayar da kwamitin masallaci ko na coci ya kamata ya yi kafin ya taɓa asusun jama'a ita ce, me wannan na'ura za ta iya, me kuma ba za ta iya ba.

Wanda ya ƙirƙiro ta, Tim Blank, ya daɗe yana aiki a gidan gwajin noma na Epcot, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Fulorida, kafin ya fita ya kafa nasa kamfanin. Kamfanin Juice Plus ne ya yaɗa samfurin gida, ta hanyar wakilai masu tallar baki da baki. A 2011 an kafa irin waɗannan hasumiyoyi a filin jirgin saman O'Hare na Shikago, kuma malamin makarantar nan Stephen Ritz ya cika ajinsa da su a Kudancin Bronx, wata unguwa ta Niyok, ƙarƙashin shirinsa na Green Bronx Machine.

Samfurin da ake kira Flex shi ne ya fi dacewa da ƙungiya. A ƙasa akwai tanki mai cin galan 20, kusan lita 76, faɗinsa kamar santimita 76. A kansa ake jera zobba 5, kowanne da ramuka 4, jimilla gurbin shuka 20, tsayin duka kusan mita ɗaya da rabi. Ana iya sayen ƙarin zobba 2 a kai gurbi 28. A cikin tankin akwai ɗan injin tura ruwa, irin sumon rijiyar burtsatse amma ɗan mitsitsi. Shi ke tura ruwan taki ta bututun tsakiya zuwa can ƙoli, ruwan ya faɗa kan wani faranti mai huje-huje, ya riƙa zubowa yana jiƙa saiwoyin da ke rataye a cikin duhun hasumiyar, ya koma tanki. Kamfanin na kiran wannan noman iska, amma a gaskiya yayyafi ne yake sauka, ba feshin hazo mai ƙarfi ba irin na ɗakunan bincike. Wannan ma alheri ne, don bakin feshin hazo yawan toshewa gare shi, farantin nan kuwa ba kasafai yake ba da matsala ba.

Haɗa ta ba ya buƙatar makaniki. Mutum biyu za su gama cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ba guduma ba sukundireba. Robar mai kauri ce, ba ta barin haske ya ratsa, kuma wannan shi ke hana gansakuka cika tanki. Abu ɗaya da ake mantawa: a zaɓi wurin zamanta tun kafin a zuba ruwa, domin lita 76 kilo 76 ne, kuma dole ƙasan ya zama daidai wa daida. In ta karkata ko kaɗan, ruwa zai bi gefe ɗaya, shuke-shuken ɗaya gefen su bushe ana kallo.

Ba a zuba iri kai tsaye a jikin hasumiya. Akwai wasu 'yan dunƙulen audugar dutse da ke zuwa da ita. A jiƙa su kamar minti 30, a sa iri a ramin kowanne: ƙananan iri irin latas guda 6 zuwa 12, manya irin tumatir da kokwamba 1 ko 2. A rufe da ɗan garin da aka haɗo da shi, a ajiye a faranti mai ɗan ruwa a gindi. Da zarar sun tsiro sai a kai su haske mai ƙarfi nan take. Nan ne sababbin shiga ke yin asara ta farko: sukan bar tsiron a bakin taga, ya yi ta miƙewa yana neman haske, ya zama dogo siriri, irin wannan kuma ko an dasa shi ba ya yin kirki. Idan tsiro ya kai santimita 7 zuwa 8, saiwa ta fara leƙowa ta gindin audugar, lokacin dashe ya yi. A tura dunƙulen har ya taɓa gindin ɗan kwandon da ke cikin ramin, in ba haka ba ruwa zai riƙa wucewa ta bayansa.

Takin ruwa ne, kwalba biyu, A da B. Cikakken ma'auni shi ne mililita 20 na kowanne a galan ɗaya, wato 400 na A da 400 na B a cikakken tanki. Ga sabon dashe ko lokacin tsananin zafi, rabin haka ake sa wa. Kada a kuskura a haɗa A da B a kofi ɗaya kafin a zuba. Ɗaya yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, ɗayan kuma da fosfet da salfet, in suka gamu da kaurinsu sai su daskare su zama farin gari ya kwanta a gindi, shuka ba ta iya shansa. A zuba A, a motsa, sannan B.

Sai awon tsami, wato pH, wanda shi ne ainihin aikin mako-mako. Ana so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Kayan gwajin yana cikin kwalin: a ɗebi ruwa kaɗan, a ɗiga maganin, a gwada launin da katin. Idan ya haura 7, sinadarin ayon yana nan a ruwa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai ka ga sababbin ganyen sama sun yi ɗorawa, jijiyoyinsu kuma kore shar. Mai gani zai ce yunwar taki ce ya ƙara taki, ya ƙara dagula lamarin. Magani shi ne a sauke pH da ɗan cokalin maganin rage shi, a jira, a sake aunawa. Ruwan famfon gari mai kulorin a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Wasu biranen Amurka suna sa kuloramin, shi kuwa ba ya tashi da iska, sai da matata.

Injin ba ya aiki dare da rana babu hutu. Akwai agogon kunnawa da kashewa. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce minti 15 a kunne, 15 a kashe in a waje take, a cikin ɗaki kuma 15 a kunne, 45 a kashe. Hutun nan shi ke ba saiwa damar shaƙar iska. A cikin ɗaki dole a sayi fitilun LED daban, a bar su awa 14 zuwa 16 kullum. Hasken taga ba ya isa, ko da zauren yana da haske a idon mutum.

In an kiyaye waɗannan, abin da take yi tana yinsa da kyau. Latas, kabejin ganye, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, lansir da seleri suna fitowa tsaf, ba yashi ba ciyawa ba sunkuyo. Makonni 3 zuwa 4 bayan dashe an fara tsinka. A riƙa cire ganyen waje, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na kowace shuka a lokaci guda, tsakiyar za ta ci gaba da tohowa. Tsoho mai ciwon baya, mai keken guragu da yaro ɗan firamare duk za su iya aiki a jikinta. A nan ne amfaninta ga lafiyar jama'a ya fi fitowa fili: yaron da ya ga irin da ya sa da hannunsa ya zama ganye, zai ci shi ba sai an yi masa dole ba, kuma a garin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, samun ɗanyen ganye a Janairu ba ƙaramin abu ba ne. Ruwa ma tana tsimi sosai tunda zagayawa yake yi. Kamfanin na cewa tana rage kusan kashi 98 cikin ɗari na ruwa kuma shuka na saurin girma ninki uku. Wannan maganar mai talla ce, a saurare ta a matsayin haka.

Tumatir, kokwamba da tattasai kuwa, hotunan talla sun fi gaskiyar cikin ɗaki kyau. Suna son haske fiye da abin da fitilun ke bayarwa da zarar sun yi reshe sun fita daga da'irar hasken. Ba ƙudan zuma a ɗaki, don haka sai an riƙa girgiza furen tumatir, na kokwamba kuma a ɗauki garin namijin fure da ɗan burushi a shafa wa macen. Sannan tanki ɗaya ne: latas na son ruwa mai sauƙin taki, tumatir mai 'ya'ya na son kusan ninkinsa, duk wanda aka biya wa buƙata an tauye ɗayan. Wanda ya nace, ya sa su a zoben ƙasa, kada su wuce 3 ko 4, ya kafa musu abin hawa.

Babban raunin na'urar shi ne injin nan. Shukar ƙasa in an manta ba a yi ban-ruwa ba, ƙasa na riƙe da laima. Nan kuwa saiwa a iska take. Wuta ta ɗauke ko injin ya tsaya da rana mai zafi, cikin 'yan awoyi ganye ya langaɓe, in aka kwana aka wuni an yi asarar duka. Abin da ya fi kashe injin kuma saiwoyin ne da kansu: na zoben ƙasa suna zarcewa cikin tanki su naɗe shi. A riƙa buɗe murfi duk mako ana datse su da almakashi, a wanke matatar injin sau ɗaya a wata, kada kuma a bar ruwa ya sauka ƙasa da rabi, don injin da ya yi aiki a bushe ƙonewa yake yi. Ƙungiyar da ta sayi hasumiya ta ajiye injin na biyu a kabad tun ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafin ruwa shi ne na biyu. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya koma wajen 7.5, a daidai lokacin da saiwa ta fi buƙatarta. Da tanki ya ɗumama, cutar ruɓewar saiwa ta samu ƙofa. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai ƙamshin ɗanyen ganye. In ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi tana wari, a cire shukar, a zubar da ruwan, a wanke tankin. Ko ba cuta, a sauya ruwan gaba ɗaya kamar duk wata guda, domin shuka na zaɓar abin da take sha, ragowar gishirin yana taruwa.

Akwai kuma ƙonewar bakin ganyen tsakiyar latas. Ba cuta ba ce, ba kuma ƙarancin taki ba. Kalsiyam yana bin ruwan da ganye ke fitarwa ne, a ɗakin da iska ba ta motsi kuwa ganyen ciki ba ya fitar da komai, sai ya rasa rabonsa. 'Yar fanka da ke kaɗawa a hankali ta wadatar. Ƙwari ma suna shiga, musamman darɓa da farin ƙuda, galibi a jikin dashen da wani ya kawo daga waje da kyakkyawar niyya, kuma a ɗaki babu ƙwarin da ke cinye su. A riƙa juya ganye ana duba bayansa, a rataya katin gam mai ruwan ɗorawa, in an gansu a wanke da ruwan sabulu marar ƙarfi tun suna kaɗan.

Yanzu ga lissafin da ba a cika yi a taron ƙaddamarwa ba. A ce duka gurabe 20 latas ne, kowanne ya ba da giram 150. Kilo 3 ke nan a zagaye ɗaya na wata guda ko fiye. Giram 100 na latas yana da kalori wajen 15, don haka girbin duka bai wuce kalori 450 ba. Giram 100 na gero yana da sama da 350. Ma'ana girbin hasumiya na wata guda, ta fuskar ƙosarwa, bai kai giram 130 na gero ba, alhali babban mutum yana buƙatar kalori 2,000 ko fiye a yini ɗaya. Ganye na da nasa aikin, bitamin da sinadaran da tuwo ba ya bayarwa, kuma a unguwar da kiba da suga suka addaba, wannan ɗin ne ake nema. Amma wanda ya kira wannan wadatar abinci ya yi wa kalmar nauyi. A Suratu Yusuf, aya ta 47, shawarar da aka ba Masar ita ce a yi shuka shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, haka ma labarin yake a Farawa 41 da rumbunan da aka cika a birane. Hatsi ne ake ajiyewa ya shekara. Latas kwana nawa yake yi?

Kuɗin ma a duba. Hasumiyar kaɗai ta haura dala 600, fitilu kuma ƙarin ɗaruruwa ne, ga taki da audugar dutse da ake sake saye. Wutar fitilu ita ce ke ci a ɓoye. A duba rubutun jikinsu a lissafa: fitila mai watt 125 a awa 14 tana shan kilowatt-awa 1.75 a rana, sama da 50 a wata. Wannan matsala ta sayen haske da kuɗi tana cikin abubuwan da suka durƙusar da manyan kamfanonin noman cikin ɗaki. AeroFarms na Newark ya nemi kariyar fatara a Yunin 2023, Bowery Farming kuma ya rufe a Nuwamban 2024, bayan masu zuba jari sun narka musu ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Yana da kyau a kwatanta da abin da Fasto Heber Brown III ya yi a Baltimo. Ganin yadda mabiyansa ke yawan kwanciya asibiti kan cututtukan da abinci ke jawowa, sai cocinsa, Pleasant Hope Baptist, ya mai da ɗan filin gabansa lambu. A 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan mutuwar wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, a hannun 'yan sanda, shaguna suka rufe, sai ya haɗa majami'u da manoma baƙar fata aka riƙa kawo abinci unguwanni. Daga nan aka kafa Black Church Food Security Network, haɗakar majami'un baƙar fata don wadatar abinci. Ƙarfin shirin ba na'ura ba ce. Fili ne, da ɗakin girki, da motar coci, da manomi a ƙauye wanda ya samu masu saye. Hasumiya tana iya zama a cikin irin wannan tsari, ta zama aji ga yara da wurin renon dashe, amma ba za ta maye gurbinsa ba.

Shawararmu ga kwamiti: a sayi ɗaya, ba goma ba. A ba mutum biyu amanarta da suna, a manna takarda a bango ana rubuta pH da yawan ruwa sau biyu a mako. Kayan jama'a da aka ce na kowa ne, a lokacin hutun makaranta ko tsakiyar azumi ake tarar da shi a bushe.

Mai karatu a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram da ya ga bidiyonta yana sha'awa, lissafinsa daban ne. Samfurin Amurka na wuta mai bolt 110 zuwa 120 ne, tamu 230 ce, in aka jona kai tsaye injin ya tafi. Wutar ma ba tabbas, don haka sai da sola da batir, amma injin ba ya ci da yawa, ƙaramin farantin sola ya ishe shi. Fitilu kuwa ba su da wani dalili a ƙasar da rana ke dukan ƙeya. A ajiye ta a tsakar gida ko baranda, a yi mata rumfar raga, a naɗe tankin da buhu ko a nutsa shi cikin ƙasa don ya yi sanyi, a riƙa juya ta kaɗan-kaɗan kowane gefe ya samu rana. Latas sai da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, irinsa ma ƙin tsirowa yake yi, wanda ya tsiro kuma ya yi saurin fure ya yi ɗaci. Alayyafo da ɗoɗɗoya sun fi jure wa. Ruwan burtsatse mai yawan gishiri zai riƙa tura pH sama, sai an yawaita aunawa. Takin gona na NPK 15-15-15 ba ya maye gurbin na kwalba: ba ya narkewa tas, kuma ba ya ɗauke da dukkan ƙananan sinadaran da ƙasa ke bayarwa kyauta. Haɗin da masu wannan noma suka saba shi ne garin taki mai suna Masterblend 4-18-38 giram 12, gishirin Epsom giram 6, da kalsiyam naitiret giram 12 a lita 19, a narkar da su ɗaya bayan ɗaya, kalsiyam ɗin a ƙarshe.

Da wannan haɗin ma ana iya yin ganye ba inji ba wuta, ta hanyar da Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii ya bayyana. A sami bokiti ko jarka mai duhu da murfi, a huda murfin a zura ɗan kofi mai huje-huje da dashen a ciki, a cika da ruwan taki har ya taɓa gindin kofin da kamar santimita 1 zuwa 2. Latas ɗaya yana buƙatar kusan lita 4 daga dashe zuwa girbi. Shuka na sha, ruwa na sauka, saiwar sama tana zama a sarari tana shaƙar iska, ta ƙasa tana bin ruwa. Kuskuren da ke kashe ta shi ne tausayi: mutum ya ga ruwa ya ragu ya sake cika shi fal, saiwar da ta saba da iska ta nutse, shukar ta mutu cikin kwana biyu ko uku. In dole sai an ƙara, kada ya wuce rabin tsawon saiwar. A toshe duk wata kafa da ke tsakanin kofi da murfi da soso ko tsumma, don ruwan da ke kwance a buɗe gidan sauro ne.